Gilashin da Na Cire wa Kyamarar Marisela

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

Yau na buɗe ta. Tun watan Yuni take zaune a kan teburina, inda Marisela ta ajiye ta, ni kuma ina kewaye ta kamar mai kewaye kare mai barci. 'Yar kyamara ce da ba ta fi akwatin ashana biyu ba, irin wadda ake ɗaurawa a hular kwano. 'Yata takan ɗaura ta duk lokacin da za ta hau babur zuwa ƙauyukan tudu yi wa yara allura, wai don ta nuna wa mutanen ofis irin hanyar da suke tura ta. A waccan safiyar da ta fita ba ta dawo ba, ta dire min ita kusa da kofin gahawata. "Baba, idonta ya yi hazo. Ka duba min, amma don Allah kada ka mayar min da ita rediyo." Ta san halina. Tun da na bar koyarwa, babu wani abu mai kusa a jikinsa da ya shigo gidan nan ban kwance shi ba.

Fuskarta ta gaba da gam aka manne ta. Na ɗora ta a kan kwanon rufi har rana ta tausasa gam ɗin, sannan na zura farce na ɓamɓare. A ƙarƙashi akwai kusoshin murɗi ƙanana kamar ƙwayar riɗi. Na jera su a kan maganaɗisun tsohuwar lasifika don kada su gudu. Hannuna bai yi rawa ba, har na yi mamaki.

Kafin in cire batir na danna maɓallin, in ga ko tana da rai. Ta yi 'yar ƙarar nan tata, tit-tit, wadda muke ji kowace safiya daga bakin ƙofa kafin babur ya tashi. Matata Cheba tana kicin tana tafa tortiya, gurasarmu ta masara. Tafin ya tsaya. Na hango ta ta taga, ta juya tana kallon ƙofar gida, ƙullun yana hannunta.

Talata, 7 ga Oktoba, da yamma

Mutumin ofishin magajin gari ya zo, hularsa a hannu. Ya ce an gama shawara. Ranar Dukan Tsarkaka, ɗaya ga Nuwamba, Fada, limamin cocinmu, zai yayyafa wa gangaren da ya zaftare ruwa mai tsarki, a mayar da shi maƙabarta gaba ɗaya. Za a kafa babban gicciye guda a sama, bakin sabuwar hanya, a ja waya mai ƙaya. Daga ranar ba tono, ba shiga.

Ban ga laifinsu ba. Tun da dutsen ya sauko kan hanya a ruwan Yuni an yi tono har hannuwa suka fashe. An samu waɗanda aka samu, an kai su inda ake kai mutane. Saura tsofaffi biyu da ba su bar kowa ba, sai tamu Marisela.

Cheba ta bar shi ya gama, ta ba shi kunun masara, ta raka shi ƙofa. Da ta dawo ta ce, "Cleto, ni ba zan kunna kyandir a bakin titi ba. Yarinyata ba a bakin titi take ba."

Na ce gangaren ai da faɗi, ya fi gonakin unguwar nan a haɗe.

"To ka nemo min wurin. Ba cewa na yi a tono ta ba, na daina wannan roƙon. Wuri kawai, inda zan shimfiɗa ganyen itacen pino mai ƙamshi in ajiye mata kwanonta. Ranar mamata kowa nasa zai zo ya tarar an gyara masa wuri. Ita ta zo ta tsaya ina?"

Na kalli ɗakin aikina. Abin da nake da shi kyamara ce a kwance a kan tebur.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da rana tsaka

Bari in rubuta abin da nake nufi, ko na ji ya yi kama da hankali. A bayan idon kyamara akwai wani ɗan gilashi da bai kai farcen jariri ba, mai sheƙin ja in ka karkata shi. Aikinsa ya tare wani haske da rana ke zubowa wanda idon mutum ba ya gani. In ka cire shi ka sa baƙin fim a gurbinsa, kyamarar ta daina ganin duniyarmu ke nan, sai wancan hasken kaɗai. A cikinsa ganye mai ƙoshi yana fitowa fari tas, mai yunwa kuma toka-toka. Damina ta wuce a kan gangaren, ciyawa ta rufe shi. In na kalle shi daga sama da wannan idon, wataƙila in ga inda tsohuwar kwalta ta kwanta, ko inda ƙarfe ya hana saiwa shiga. An kuma ce ciyawa ta fi ƙoshi a inda... A'a. Wannan ba zan rubuta ba.

Daga saman ne matsala. Jirgin nan mara matuƙi da aka kawo daga birni a makon farko ya ga laka ya koma. Mu abin da muke da shi mai tashi shi ne jirgin takarda, mai zare, wanda iska ke ɗagawa.

Asabar, 11 ga Oktoba, da la'asar

Na je wajen Bartolo. Shi ya riƙe Marisela ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna compadre, kuma tun muna samari shi ne gwanin jiragen takardar da ake sakar wa iska ranar mamata. Na tarar da shi durƙushe a tsakar gida cikin takardu masu launi, gam har gwiwar hannu.

"Compadre, kai da ka ce wasan yara ne, yau me ya kawo ka?"

Na faɗa masa. Ya daɗe yana goge hannu a wando.

"Ka dai san abin da ya sa ake tayar da su. Don su hango daga can su gane hanyar gida. Mu muke nuna musu kanmu. Kai kuma so kake ka juya abin, ka leƙa su."

"Ita ma hanyar gida nake nema mata."

"Bakin malami." Ya ja tsaki. "To ji nan. Babban ba zai yi ba, sai da ƙarti goma da iskar Nuwamba. Zan yi maka matsakaici mai doguwar jela, wanda zai tsaya cak ba rawa. Amma nauyin ƙwai ɗaya zai ɗauka. Ƙwan kaza, compadre, ba na talotalo ba."

"Iska fa?"

"Ka ga na yi maka kama da mai ajiyar iska? In ta ga dama ta zo ƙarshen wata, in ta ga dama ta bari sai an gama biki."

Lahadi, 12 ga Oktoba, da safe

Ruwa a tsaye. Ba iska.

Talata, 14 ga Oktoba, da yamma

Na ari sikelin Cheba, ƙwai a kwano ɗaya, kyamara a ɗaya. Ƙwan ya tashi sama yana yi min dariya. Sai na shiga fiɗa. Na cire ƙoƙon roba, na cire murfin batir, na cire ɗan allon baya da ake kallon hoto. Wayarsa siririya ce mai faɗi kamar ɓawon albasa, in ka yi numfashi da ƙarfi sai ta tsage. Abin da ya rage wani koren faranti ne da ido guda a tsakiya, tsirara. Kunya ta kama ni kamar na tuɓe wa wani riga. Sai da na rufe ta da hankici kafin in fita cin abinci.

Da na dawo har yanzu ta ɗan fi ƙwan. Na ga baƙin ɗan abin da ke yin ƙarar tit-tit a kusurwa. Na narkar da dalmarsa na ɗauke shi. Na ce wa kaina don nauyi ne. Bai kai nauyin ƙwayar wake ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da hantsi

Cheba ta tsaya a ƙofar ɗakin aikina, abin da ba ta saba ba.

"Tsoho, ka kashe ta ne?"

"Tana nan da ranta."

"To jiya ban ji ta ba, yau ban ji ta ba."

"Na ga tana tayar miki da hankali."

"Wa ya ce maka a kwance yake? Mayar mata da muryarta."

Na mayar, sai da na ƙona yatsa. Nauyin kuma na rage shi a wani wurin, na goge ƙarfen da ke shanye mata zafi da zarto har ya yi siriri.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da yamma

Yau na taɓa idon. An like bakin murɗinsa da gam, na kankare da reza, na murɗe shi a hankali ya fito. Hazon da ta ce kuwa yana nan, ɗan danshi ne ya shige ciki. Na goge. Aikin minti biyu ne kawai, Marisela.

Gilashin yana manne a bayan idon. Na ɗaga shi da hantsaki, na naɗe shi da auduga, na sa a akwatin ashana. Baƙin fim kuma wuri ɗaya yake a gidan nan, cikin ambulan hotunan baftismarta. Kowane fim yana da baƙar jela a ƙarshensa, daga can na yanko, ban taɓa inda take ba. Amma sai da na ɗaga shi ga taga. A fim komai a juye yake. Farar rigarta ta fito baƙa, gashin Bartolo fari fat. Da na sani ban ɗaga ba.

Asabar, 18 ga Oktoba, da rana tsaka

Na gwada a tsakar gida, na zare katin ajiyar hotunan na sa a tsohuwar kwamfutata. Bishiyar piya ta fito fara kamar an zazzage mata gari. Sama ta yi duhu. A hoto ɗaya Cheba ta gitta da bokiti. Mayafin makokin da take yafawa tun Yuni, baƙi wuluk, ya fito fari ƙal kamar likkafani. Fuskarta ta yi sumul, duk yamutsar ta goge, idanun kuma ramuka biyu baƙaƙe. Ba ta taɓa kama da 'yarta ba sai a hoton nan.

Na san dalili. Rinin baƙin zare ba ya riƙe wancan hasken, fata kuma tana barin shi ya ɗan shige. Shekaru na yi ina koya wa yara kimiyya. Na san dalili sarai, kuma na rufe kwamfutar na fita na tsaya a rana har gumi ya karyo min.

Litinin, 20 ga Oktoba, da yamma

Ba iska. Tutar makaranta a rataye kamar wankin da aka manta.

Laraba, 22 ga Oktoba, da la'asar

Cheba ta dawo daga kasuwa ranta a ɓace. An fara kawo furen mamata, ta tsaya ta taya, sannan ta kasa saya. Tun da na aure ta ba ta taɓa sayen furen mamata ba. Nata take shukawa, daga irin da ta gada wajen uwarta, manya masu ruwan goro da ja a bakin ganyensu. Bana babu. Irin gaba ɗaya ta ƙulle a ƙyalle ta ba Marisela a waccan safiyar, ta kai wa gwaggonta a tudu a shuka a can, don kaji sun addabi lambunmu.

"Na kasuwa ba su da ƙamshi," in ji ta. "Sai ka ce takarda."

Na ce fure ai fure ne. Ta yi min irin kallon da nakan yi wa yaron da bai yi aikin gida ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da safe

Na sake buɗe hoton nan na tsakar gida. Na ce ba zan ƙara ba. Na ƙara.

Asabar, 25 ga Oktoba, da la'asar

Bartolo ya faɗo gidan da rana tsaka yana haki, jirgin a kafaɗarsa. "Tashi, Malam, iska ta motsa." Muka hau zuwa sabuwar hanya. Ja da rawaya ya yi shi, da jelar tsummoki. Da ya ɗan ɗaga, na ɗaure kyamarar a jikin zaren, can ƙasa da shi, idonta na kallon ƙasa. Na saita ta ta riƙa ɗaukar hoto da kanta, kowane hoto da ƙararsa. Ta tashi tana tit-tit, tit-tit, ƙarar na ƙanƙancewa.

Ban kalli gangaren ba, zare na kalla. Rabona da tsayawa a wurin tun da aka janye masu tono.

Iskar ta yaudare mu. Kyamarar ba ta wuce tsayin bishiyoyi ba iskar ta saki jirgin, ya yi tangal-tangal ya faɗa gonar masarar wani. Bartolo ya ruga da tumbinsa yana zagin iska har kakanninta. Muka sami kyamarar rataye a jikin kara, tana ta ɗaukar hoton ƙasa tana ƙararta.

"Ka ga 'yar nan da taurin kai," ya ce. "Gado ne." Sai ya ji abin da ya faɗa, ya shiga naɗe zare.

Hotunan duk dishi-dishi. Wancan hasken ba ya taruwa inda namu ke taruwa, dole in sake murɗa idon.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da yamma

Na wuni ina auna idon da hasumiyar coci. In hau rufi, in murɗa kaɗan, in ɗauka, in sauko, in duba a kwamfuta, in sake hawa. Da allon bayanta yana nan da ban sha wannan wahalar ba, amma ni na cire shi da hannuna. Maƙwabta sun fara cewa Malam Cleto ya taɓu. Wataƙila ma da gaskiyarsu, don duk babur ɗin da ya shigo layinmu sai na tsaya da abin da nake yi har ya wuce ƙofarmu.

Talata, 28 ga Oktoba, da hantsi

An kafa sandunan waya. Na haɗu da Tomasa a bakin famfo, wadda aka samu mijinta tun makon farko. Ta ce, "Malam, ka bar mamata su huta mana." Saura kaɗan in ce mata nata yana da inda zai huta. Na haɗiye. Ba laifinta ba ne da aka same shi. Amma na ji haushinta, kuma har yanzu ina ji.

Laraba, 29 ga Oktoba, da yamma

Ba iska. Cheba ta sayo kabewa da mazarƙwaila, abin da Marisela ta fi so. Ba ta tambaye ni komai ba, kuma rashin tambayar ya fi tambayar nauyi.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da safe

Ta zo. Iska daga arewa, mai sanyi, har kwanon rufi yana kuka.

Alhamis, da almuru

Jirgin ya hau kamar da ma jira yake. Bartolo ya saki zare har ƙarshen sanda, ya yi ta takawa a bakin hanya yana yawo da shi a kan gangaren, daga wannan gefe zuwa wancan. Zaren ya yanka masa tafin hannu, bai saki ba.

Hotunan sun fito tar. Aikina ya yi, ba abin da zan ce wa kyamara. Kuma babu komai a ciki. Fari ne daga sama har rafi, kamar an shimfiɗa zane a kan gangaren duka. Ƙasar da ta juye sabuwa ce, ko'ina ciyawa ta ƙoshi. Ba layin kwalta, ba alamar ƙarfe. Na ƙura ido har na fara ganin abin da babu. Nan kamar kafaɗa, can kamar mutum ya kwanta a gefensa ya naɗe ƙafa, yadda take barci tun tana ƙarama. In na matso da hoton sai ya koma ciyawa. In na ja baya sai ya dawo, a wani wurin daban. Tsoro ya kama ni, ba na hoton ba, na kaina.

Cheba ta shigo ta tsaya a bayana. Ban rufe ba, na gaji da ɓoyewa.

"Wannan ne gangaren?"

"Shi ne."

"Ina launinsa?"

Na fara yi mata bayanin gilashi da fim. Ta bar ni na kai tsakiya.

"Cleto, wannan ai inda suke ka ɗauko min. Ni ba can za ni ba tukuna. Nan nake so, inda zan taka da ƙafata. Yarinya ta ce ka goge mata ido, ka je ka ƙwaƙule shi. Garin gyaran gira..."

"Na ji."

"Mayar mata da idonta, ta ga abin da mutane ke gani."

"Abin da mutane ke gani an gani, Cheba. Tun Yuni ake gani."

"Daga bakin hanya. Wa ya kalle shi daga sama tun da ciyawa ta fito?"

Babu wanda ya kalla.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da yamma

Gari ya cika da ƙamshin pino da turaren wuta, kowa yana maƙabarta yana shafa wa kabarin nasa fenti. Ni ina ɗaki da akwatin ashana. Cire fim ba wuya, mayar da gilashin ne aikin. Hannun da bai yi rawa ba duk watan nan, yau ya tuna shekarunsa. Hantsakin ya matse, na ji ɗan ƙas, ƙarar da ba ta kai ta karyewar tsinken ashana ba. Ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, amma bai rabu ba.

Na daɗe zaune ina kallonsa. Babu irinsa a garin nan, na birni kuma sai bayan biki. Na ɗiga masa gam a gefe da bakin allura, na kwantar da shi a haka. Da babu gara ba daɗi. Na koma kan rufi wajen hasumiyar coci. Launi ya dawo, piya kore, mayafin Cheba baƙi yadda yake. Sai dai wani layi mai hazo ya ratsa kowane hoto a karkace.

Gobe da hantsi Fada zai zo. Bartolo ya ce ya ba ni safiyarsa, daga nan babban jirginsa na jiransa a maƙabarta. "In iska ta kwana da rai," in ji shi.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da la'asar

Zan rubuta a jere, don kada in ƙara ko in rage.

Mun hau da sassafe, ni da Bartolo da Cheba. Ba mu gayyace ta ba. Ta fito da kwandonta a ka, da ganyen pino da kyandirori da kwanon kabewa, kamar wadda aka riga aka faɗa mata inda za ta. Babu fure a kwandon, har yau ta ƙi na kasuwa. Muka jira rana ta leƙo kan gangaren. Iska tana nan. Kyamarar ta tashi tana ƙararta, Cheba ta bi ta da ido har ta zama ɗigo.

Da ya gama zagayen, Bartolo ya jawo zare har ta iso hannuna, jirgin kuma yana sama. Na buɗe kwamfutar a kan tulin duwatsun da aka tara don gindin gicciye. Kore, kore, jar ƙasa, kore, da layin tsagewar nan a kowanne. Sai wani hoto daga can ƙasa kusa da rafi, nesa da inda aka yi tono. Wani ƙaton dutse ya gangaro ya tsaya, a bayansa akwai ɗan kwari da ba a hango shi daga hanya, ba a hango shi daga tsallake. A cikin kwarin wani abu ne mai ruwan goro, dogo, kamar an zubar da fenti ya bi gangara. Na ɗauka tsagewar ce ke wasa da haske. Na duba hoto na gaba. Tsagewar ta koma kan wata ciyawar, shi kuwa yana nan a bayan dutsensa.

Cheba ta miƙe. Ta ɗora kwando ta wuce ta tsakanin sandunan, ba a ja wayar ba tukuna. Bartolo ya ɗaure zaren a jikin sanda ya bi ta yana cewa, "Comadre, a hankali, ƙasar nan ba ta da amana." Muka sauka da ja da gindi, muna kama ciyawa.

Ƙamshin ya riga ganin isowa. Manya ne, masu ja a bakin ganyensu, sun fito a cakuɗe ba layi, wasu har ƙuguna. Cheba ta durƙusa, ta murza ɗaya a yatsa ta shinshina.

Bartolo ya raɗa min, "Compadre, furen nan fa yana fitowa da kansa a daji."

"Na daji ƙanana ne," ta ce, ba ta juyo ba. "Waɗannan na Mama ne."

Ni na san abin da na sani. Irin da ya nutse da zurfi ba ya tsirowa. Ƙulli yana iya tsinkewa daga babur, ruwa ya ja shi nesa da mai shi. Tana iya kasancewa a nan, tana iya kasancewa can sama inda muka baro. Na buɗe baki, malamin da ke cikina ya taso, sai na ga yadda Cheba take share ƙasa da tafin hannu tana shimfiɗa ganyen pino, a natse, kamar mai gyara gado. Na rufe bakina. Na tare mata iska da hulata ta kunna kyandir.

Ta ajiye kwanon kabewar. Sai ta yi magana, kuma ba da mu take ba.

"Aike na yi miki, ki kai a shuka. To ga shi kin shuka. Sannu da aiki, 'yar nan."

Bartolo ya cire hula ya juya mana baya. Can sama aka fara waƙa, Fada ya iso, muryoyin na saukowa guntu-guntu da iska. Jirgin yana tsaye a samanmu, ja da rawaya, inda aka ɗaure shi. Ba ta tsinki fure ko ɗaya ba. Busassun kawuna kawai ta bi ta tara a bakin zanenta, irin baɗi.

Da muka hau mun tarar sun fara jan waya. Wanda ke ja ya ɗaga mana ita muka wuce ta ƙasa, bai tambaye mu komai ba.

Da muka dawo gida na duba fararen hotunan shekaranjiya. Kwarin yana cikinsu, ba sau ɗaya ba. Fari ne kamar ko'ina.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da safe

Na mayar mata da allonta da ƙoƙonta, na ɗaure kusoshin duka, ko ɗaya bai yi saura ba, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Idonta ba hazo. Na ajiye ta inda aka ajiye min ita, kusa da kofin gahawata, na danna maɓallin. Tit-tit. A kicin tafin tortiya bai tsaya ba.

Ni ne na juya na kalli ƙofa.